An gyara asibitocin mazaɓu, saura likitan da zai zauna da jama'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake horar da likitoci a Jihar Kaduna da kuma inda ake ajiye su bayan sun ƙware. Na shafe shekaru masu yawa ina aikin lafiya a ƙananan asibitoci kafin in yi ritaya, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma gwamnatin tsohon Gwamna Malam Nasir El-Rufai ta ɗauki aikin gyara cibiyar lafiya guda ɗaya a kowace mazaɓa. Wanda ya san yadda waɗannan wurare suke a da, rufi na yoyo, awaki na kwana a baranda, ba zai raina wannan ƙoƙari ba. Sai dai gini ba ya duba mara lafiya. Waɗanda ke riƙe da yawancin cibiyoyin nan su ne jami'an lafiyar al'umma da nas-nas da ungozoma, da yawansu sun fito ne daga makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi. Su ke yin rigakafi, su ke yin awon ciki, su ke karɓar haihuwa da tsakar dare da fitilar waya idan wuta ta ɗauke. Ba ni da abin faɗa a kansu sai godiya, domin ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Amma cututtukan da ke shigo mana a yau sun wuce zazzaɓin cizon sauro da gudawa, domin hawan jini da ciwon sukari da sikila da asma da ciwon damuwa sun cika layi, kuma irin waɗannan ba allura ɗaya ke raba mutum da su ba, suna buƙatar likitan da zai bi mara lafiya shekara da shekaru.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata da ke fama da hawan jini da sukari da ciwon gwiwa. Kati uku take da shi a wani babban asibiti, kowane sashe da ranarsa, kowane likita da takardar maganinsa, kuma duk zuwa sabuwar fuska take tararwa. Babu wanda ya taɓa tambayarta abin da take saye a kemis, alhali kuwa kullum sai ta sha maganin kashe zafin gwiwa, irin wanda ke ɗaga jini yana kuma cin ƙoda a hankali. Sai da ƙafafunta suka kumbura aka gane. Likitocin nan ba jahilai ba ne, kowannensu ya san fanninsa, abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da ya san Hajiya ɗungurungum, ya san abin da take ci, ya san ɗanta ne ke sayen magani kuma albashinsa ba ya kai ƙarshen wata.

Wannan mutum shi ake kira likitan iyali, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da sashen wannan fanni, haka ma takwararta ta Afirka ta Yamma. Abin lura shi ne, asibitocin mishan irin su Jankwano a Jos da na Baptist a Ogbomosho suna cikin wuraren da suka raini fannin tun yana jariri, wato wuraren da likita ɗaya ke duba yaro da safe, ya yi wa mai naƙuda tiyata da rana, ya zauna da tsoho da yamma. Yau kuwa galibin likitocin iyali suna zaune ne a sashen duba marasa lafiya na manyan asibitocin koyarwa, nesa da mazaɓun da aka ƙirƙiro su domin su. Ɗalibin likita kuma yana yin shekara shida, mafi yawanta a tsakanin gadajen babban asibiti, zuwansa ƙauye bai wuce na 'yan makonni ba. Wanda aka horar haka, ta yaya za a ce ya so zama a Kauru ko Kubau?

Shawarata ga Ma'aikatar Lafiya da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha ita ce su zauna da asibitin koyarwa na Barau Dikko da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a ware wasu cibiyoyin mazaɓu su zama ajin koyarwa, inda likita mai neman ƙwarewa zai yi watanni yana aiki kafaɗa da kafaɗa da jami'an lafiyar al'umma. A can ne zai koyi abin da littafi ba ya koyarwa: yadda ake shawo kan maigidan da ya hana matarsa zuwa awo, yadda ake shiga ta hannun mai unguwa da liman da fasto, yadda ake bin sawun amai da gudawa har a kai ga rijiyar da ta jawo shi. Sannan kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya samu aƙalla likitan iyali ɗaya, wanda zai riƙa zagaya cibiyoyin da ke ƙarƙashinsa a ranaku sanannu, yana duba masu ciwon da ya daɗe, yana kuma ƙara wa ma'aikata sani.

Na san za a ce ina kuɗi, kuma likitoci na ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma kashi 10 cikin 100 na asusun an tanade shi ne domin bunƙasa ma'aikata. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato KADCHMA, ma za ta fi kowa cin riba idan aka tare ciwo tun bai kai ga wankin ƙoda ba. Amma likita ba zai zauna a karkara don wa'azi ba, sai an ba shi gida mai ruwa da wuta, da alawus da ke zuwa a kan lokaci, da tsaro musamman a yankuna irin su Birnin Gwari da Giwa, da kuma tabbacin cewa zai kai matakin babban likita ba tare da ya dawo birni ba.

Mataimakiyar Gwamna, Dakta Hadiza Balarabe, ta taɓa shugabantar hukumar lafiya a matakin farko ta wannan jiha, don haka ba sai an yi mata dogon bayani ba. Ina kuma roƙon kwamitin lafiya na Majalisar Dokokin Jiha, idan lokacin kare kasafin kuɗi ya zo, ya nemi a kawo masa adadin likitocin iyali da jiha ke biya albashi, da sunan garin da kowannensu yake kwana.

Naka,
Tsohon jami'in lafiyar al'umma,
Tudun Wada, Kaduna.