A gyara yadda ake koya wa yara phrasal verbs

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana malaman Turanci, musamman masu shirya yara zana WAEC, NECO da JAMB. Ni ma alli na riƙe har na yi ritaya, yanzu ina ɗan lesin da yamma a zaurena a Tudun Wada.

Kukana a kan phrasal verbs ne, wato fi'ilin da ake maƙala wa 'yar ƙaramar kalma irin su off, up ko out, ma'ana ta koma wata daban. Yara suna zuwa mini da littafi cike da jerinsu, an rubuta musu a allo sun kwafe, an ce su haddace. Yaro zai zubo maka guda talatin ba gargada, amma ka miƙa masa jaridar Turanci sai ido ya raina fata.

A watan Oktoban 2022, da ASUU ta janye yajin aikinta na wata takwas, na rubuta wa 'yan ajina "calls off strike". Wata yarinya mai ƙoƙari, wadda yayanta ke ABU a Samaru yana zaman jira a gida, ta ɗaga hannu ta ce an sake kiran wani yajin ne. Ta san call, ta san off, haɗuwarsu ce ta kayar da ita. Ba laifinta ba ne.

Abin mamaki, mu Hausawa ne ya kamata abin ya fi zo wa da sauƙi. Wanda ya san cin amana, cin bashi da cin sarauta ba su da alaƙa da tuwo, me zai hana ya gane put off ɗage abu ne, put out kashe wuta, put up with kuwa haƙuri da abin da ba ka so? Sai dai babu wanda ya koyi "cin amana" a jeri. A bakin mutane muka ji shi, cikin zance.

Saboda haka malam, ɗauki biyar kawai a mako, kowanne cikin jimlar da yaro ya sani: mai keke Napep ya run out of mai a Ƙofar Doka, Ladi tana look after ƙaninta. Ka kuma nuna musu inda wakilin suna ke zama, don ana cewa turn it down, ba turn down it ba, alhali look after him ba ya rabuwa. Wannan kam, haddar jeri ba ta koyar da shi, kuma nan ne maki ke zubewa a insha'i.

Kai kuma Edita, da za ka ware mana ɗan gurbi duk mako, jimla uku daga labaran makon tare da bayaninsu da Hausa, ni zan riƙa yanka shafin ina liƙawa a bangon zaure.

Wassalam.

Tsohon malamin Turanci,
Tudun Wada, Zariya