Zuwa Ga Ɗana, A Kan Dodon Goronyo

Sakkwato, daren Laraba.

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Innarka ta samu sauƙin ƙafar, har ta fara fitowa tsakar gida da kanta. Saƙon da ka aiko ya iso, Allah ya yi maka albarka. Amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Wata bakwai ke nan da tafiyarka Abuja, kuma kai shaida ne ban sake tayar da maganar aikin da ka ajiye ba. Na ce na bari, na kuwa bari. Ran Juma'a yayarka ta zo da yara, takwarana ya haye tabarmata da wayar uwarsa yana ta dannawa, ya ce in zo in ga gem ɗin kawu, wato wasan wayar da ka yi. Na sa tabarau. Sai ga yaro da 'yar hula bisa wuyan wata dabba mai dogon baki, suna ninƙaya a madatsar ruwan Goronyo, ga T. rex, ƙaton dainoso mai cin nama, a bakin gaɓa yana kora, ga wani mai farantai jere a gadon baya yana kiwo. Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Jin Hausa tana fitowa daga bakin waɗannan halittu ya yi mini daɗi, har na kira Innarka ta zo ta ji muryarka, don mun gane kai ne ka yi muryar dodon.

Can sai wani akwati ya fito, an rubuta "Ka sani?" a samansa. A ƙasa kuma an ce wai Goronyosaurus, wato dabbar nan mai dogon baki, dainoso ne da ya zauna a gulbin Rima, kakanninmu suna gudunsa. Takwarana ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Kaka, kai ka taɓa ganinsa?"

Ban yi barcin kirki ba daren nan.

Layi ɗaya, kuskure uku, kuma ka san su duka, abin da ya fi cin raina ke nan. Goronyosaurus ba dainoso ba ne. Ƙadangaren teku ne, danginsa na kusa a yau su ne guza da damo da macizai. An fara bayyana ƙasusuwansa a 1930, sai a 1972 aka raɗa masa sunan Goronyo, saboda a yankin aka tono shi, cikin duwatsun da masana ke kira da sunan Dukamaje. Bai kuma san wani gulbin Rima ba. A zamaninsa, wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, inda nake zaune yanzu ina rubuta maka wasiƙar nan ƙarƙashin teku ne, wani teku marar zurfi da ya ratso ta inda Sahara take yau. Kakanni kuwa, ina suka gan shi? Shi da dainoso duk sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a gaɓar Mekziko. Mafi daɗewar ƙashin mutum irinmu da aka tono bai wuce shekara dubu 300 da 'yan kai ba. Shi ma T. rex ɗinka ɗan Arewacin Amurka ne, bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, kuma tazarar zamani da ke tsakaninsa da mai farantan nan, Stegosaurus, ta fi tazarar da ke tsakaninsa da ni da kai.

Wa nake gaya wa? Kai ka riƙe mini jaka ranar da na kai ɗalibai Kalambaina, kana aji huɗu na firamare, ka nace sai an tafi da kai. Kai ka tsinci ƙwaryar dodon koɗin nan a cikin farin dutse, ka tambaye ni yadda aka yi abin ruwa ya zo tudu. Ɗalibai arba'in na kai, babu wanda ya yi wannan tambaya sai kai.

Yayarka ta ce abokin aikinka ne ya ce yara ba ruwansu da wannan, su dai a ba su dodo yana kora, kuma ai tatsuniya ce. To, ka gaya masa bai san tatsuniya ba. Ni a ɗakin kakarka na tashi, Allah ya jiƙanta, kuma ban taɓa jin ta fara ba sai ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", mu ce "ta zo mu ji ta". Daga nan kowa ya san an shiga wata duniya. Gizo ya yi magana da tsamin bakinsa, Ƙoƙi ta yi haƙuri da shi, kura ta yi kwaɗayi ta sha duka, dila ya yi malanta. Babu yaron da ya taɓa fita da safe ya je yana jiran tautau ya gaishe shi. In ta gama sai ta ce "ƙungurus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Ka ji fa: tsohuwa da bakinta tana gaya wa jikoki cewa abin da suka ji shiri ne. Ko lokacinta ma an ware mata. Da rana ba a yi, ana ce mana wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata zai yi. Da dare ake ƙarya mai daɗi, da rana a je gona a je makaranta.

Don haka ban damu da dodonka yana magana ba. Ya yi waƙa ma in ya ga dama. Ban damu ka mai da mai cin nama mugu, mai cin ciyawa mutumin kirki ba, haka aka yi wa kura tun kaka da kakanni, ita kuwa ba ta san ana yi ba. Yaro ya hau wuyan dabba, na yarda. Akwatin nan ne ban yarda da shi ba. Wanda ya rubuta "Ka sani?" ya ɗauki alli ya tsaya gaban allo, ya zama malami ko ya so ko ya ƙi. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ajin da ya fi kowane cika bai kai yaro ɗari ba, in na yi kuskure washegari na gyara. Kai yara nawa za su danna wannan abu? Wa zai bi su gida gida ya gyara?

Kuma bari in faɗi abin da ke cina, tunda mu biyu ne. Da na ji muryarka a wayar nan, zaƙinta, yadda take jan yaro, kawunka na tuna. Shi ma haka ya fara, da labari mai daɗi wanda ba ya cutar da kowa. Ka san inda ta kai mu, ka san abin da aka sayar, ka san dalilin da ya sa Innarka ba ta bi ta wannan unguwa har yau. Bakinsa ka ɗauko, tun kana ƙarami na gani, shi ya sa na tsananta maka a kan abin da na ƙyale 'yan'uwanka. Na san har yanzu kana riƙe da maganar dukan da na yi maka a kan kuɗin littafi. Ba naira biyar ɗin na daka ba. Yadda ka shirya zancen na daka, har da sunan mai shago, har da launin rigarsa. In yau ka iya rubuta abin da ka san ba haka yake ba don wani ya ce shi ke kawo kuɗi, gobe me za ka rubuta? Ban kai ka jami'a don ka zama Gizon wani ba. In abokin nan naka shi ke juya ka, ka tattara kayanka ka dawo, tuwo bai ƙare a gidan nan ba.

Na ajiye biro na yi sallar isha'i, na dawo na karanta abin da na rubuta. Ya yi zafi, amma ba zan goge ba. Na san kai ba kawunka ba ne.

Gyaran ma ba wuya gare shi ba. Ka buɗe labarin da "ga ta nan, ga ta nanku", ka rufe da "ƙungurus", sannan akwatin ya fito ya ce wa yaro, to yanzu gari ya waye, ga abin da aka tono. Kuma me ya kai ka aron dodon Amurka alhali maƙwabta na da nasu? A Gadufawa, cikin hamadar Nijar, aka samo Nigersaurus, mai faɗin baki da haƙora wajen 500, yana kiwo kai a ƙasa kamar saniya. Can kuma aka samo Suchomimus mai bakin kada, mai kamun kifi. Waɗannan biyun zamaninsu ɗaya, wurinsu ɗaya, ka haɗa su a fage ɗaya babu mai ce maka ka yi ƙarya. A nan gida akwai wani kada na da da aka raɗa wa sunan Sakkwato, Sokotosuchus, shi ne maƙwabcin dodonka na Goronyo. Sannan ka gaya wa yara tsuntsaye daga zuriyar dainoso suka fito. Na gwada a kan takwarana, ya yini yana bin zakaran Innarka yana leƙen ƙafafunsa, har zakaran ya gaji ya haye katanga.

Na ba direban da ke tashi ran Asabar ƙunshi. Kilishi ne da yaji daga Innarka, ta ce kada ka raba wa abokai duka. A cikin gwangwanin madara kuma akwai ƙwaryar nan taka ta Kalambaina, na naɗe ta da tsumma. Gefenta ya ɗan ɓare tun lokacin ƙaura, ka buɗe a hankali. In ta iso ka kira ni bayan magariba, ba ta wayar yayarka ba.

Mahaifinka.