Dolfin ma suna da sunaye, ƙarar jiragen ruwa ce ke neman toshe musu kunne

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan dabbar nan ta teku wato dolfin, saboda duk sanda aka nuno ta a bidiyo sai dai tsalle da wasa da ƙwallo, alhali babban abin mamakinta yana cikin fiton da take yi ne. Ba kifi ba ce fa, haihuwa take ta shayar da ɗanta, kuma dole ta leƙo sama ta shaƙi iska.

Tun 1965 wasu masu bincike mata da miji, Melba da David Caldwell, suka gano a irin dolfin da ake kira bottlenose kowace tana da fitonta na kanta wanda babu mai irinsa, tun a shekararta ta farko take ƙirƙiro shi kuma da shi za a san ta har ta tsufa. A 2013 masana daga jami'ar St Andrews ta ƙasar Sikotland suka ɗauki fiton wasu suka sake kunna musu ta lasifika a cikin ruwa, sai mai fiton ta amsa, in na wata aka kunna kuwa ko a jikinta. A shekarar dai wani mai bincike, Jason Bruck, ya nuna suna gane fiton tsohuwar abokiyar zama ko da sun fi shekara 20 rabonsu da juna. Toh wannan in ba suna ba mene ne?

Wanda ya fi burge ni ma shi ne na gaɓar Sarasota a jihar Fulorida ta Amurka inda ake bibiyarsu tun 1970, a 2023 aka gano uwa in tana tare da ɗanta sai ta ƙara siranta fitonta, kamar dai yadda muke canza murya in muna yi wa jariri magana.

Ta cikin hanyar hanci suke fitar da sautin, ƙasan ƙofar numfashin da ke saman kansu, akwai kuma wata ƙara ƙas-ƙas da suke turawa ta bugi abu ta dawo, da ita suke gano kifi ko ruwan ya gurɓace ba a ganin komai.

Matsalar ita ce waɗanda ke zaune kusa da gaɓa su ne ke shan ƙarar injin kwale-kwale da manyan jiragen dakon kaya da na'urorin neman mai, sauti kuwa a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, ya ninka na iska fiye da sau huɗu, kaga ƙarar nisa take zuwa sosai. Dole su ɗaga murya su tsawaita fito, duk da haka saƙon ba ya isa yadda ya kamata, kuma da fiton nan ne uwa da ɗa ke gano juna in sun rabu.

Roƙona in wakilanku za su kawo labarin gina tashar jiragen ruwa ko neman mai a teku, su riƙa tambayar masu aikin me suka tanada game da ƙara.

Na gode.
Daga mai karanta jaridarku.