Ba Huhu Ke Jawo Iska Da Kansa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na kiwon lafiya na makon jiya, wanda aka ce a ciki huhu ne ke zuƙo iska kamar famfo. Shirin ya ƙayatar, amma ina da ɗan gyara.

Huhu ba shi da tsokar da zai buɗe kansa. Mai aikin wani faffaɗan tantanin tsoka ne da ya raba ƙirji da ciki. Idan ya ja ƙasa, haƙarƙari ya ɗaga, sai fili ya samu a ƙirji, iska ta faɗo da kanta ta hanci, ta bi maƙogwaro, ta rarrabu cikin rassa har ta isa wasu 'yan jakunkuna ɗaruruwan miliyoyi, inda oksijin ke ratsawa cikin jini. Babba da ke zaune yakan yi haka sau 12 zuwa 20 a minti guda bai ma sani ba. Ko shaƙuwa, ai wannan tantanin ne ke zabura.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne wanda ba a taɓo ba. Wanda ya riƙe numfashi har ya ji kamar ƙirjinsa zai fashe, yawanci ba ƙarancin oksijin yake ji ba. Iskar kabon dayoksaid ce, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ta numfashi, ta taru a jini, ƙwaƙwalwa ta lura, ta tilasta masa ya saki. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fesarwa kuwa har yanzu tana da wajen kashi 16.

A nan haɗarin hayaƙin janareta ko garwashi a rufaffen ɗaki yake. Iskar kabon monoksaid da suke fitarwa, wadda daban take da kabon dayoksaid, ba launi ba wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin ninki sama da 200. Tunda kabon dayoksaid bai taru ba, jiki ba ya kururuwa. Mai ido biyu ya ji ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa sai dai a wayi gari a tarar da shi.

Don Allah ku sake gayyato likitan, ku ware wa wannan batu shiri guda cikakke.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum