Wasiƙa daga Kasala: tsawon sauti da shiru a rubutun kiɗa

Kasala, Sudan

Assalamu alaikum ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Mu ma nan alhamdu lillahi. Tun da yaƙi ya fitar da mu daga Khartum a 2023 muke Kasala, kuma Hausawan garin ba su bari mun ji baƙunci ba. Allah Ya saka musu da alheri, Ya kawo mana zaman lafiya.

Na saurari kiɗan da ka turo. Ka ce a hannun mai kalangu yana tafiya sumul, amma da ka zuba shi a kwamfuta sai ya riƙa ɗingishi. Kunnenka bai yaudare ka ba. Ka sa mizanin 3/4 ne, alhali kiɗan na 6/8 ne. Bari in warware maka yadda aka koya mana a kwalejin kiɗa da wasan kwaikwayo ta Khartum, inda malamai ke kiran alamomin tsawon sauti da sunayen da Larabawa suka aro daga Faransanci.

Babbar cikinsu ita ce rond, da'ira ce kawai ba sanda. Rabinta bilansh, rabin bilansh nuwar, rabin nuwar kurosh, sai rabin kurosh, dubul kurosh. In an ɗiga wa alama ɗigo a gabanta, an ƙara mata rabin tsawonta ke nan. Amma ka lura, babu wadda ke da daƙiƙoƙin kanta. In ka ce nuwar 60 a minti, kowace nuwar daƙiƙa ɗaya ce, rond kuma huɗu. Ka mayar da shi 120, duk sun ragu da rabi.

Mizani kuwa lamba biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙasa tana faɗin alamar da ake awo da ita: 4 nuwar, 8 kurosh, 2 bilansh. Ta sama tana faɗin guda nawa ke cika mazura, wato kowane ɗan yanki da ake rarraba kiɗa a rubuce. A 4/4 rond ɗaya ta cika mazura da bugu huɗu. A 2/2 wannan rond ɗin dai bugu biyu ce, tunda bilansh ake ƙirgawa. A 3/4 ba ta ma shiga, bilansh mai ɗigo ce ke cikewa.

To, ga inda kiɗanka ya karkace. Da 3/4 da 6/8 duk kurosh shida ne a mazura, shi ya sa kwamfuta ba ta ƙi karɓa ba. Sai dai dabino shida ne, ko ka raba wa mutum uku bibbiyu, ko mutum biyu uku-uku. A 3/4 nauyi na sauka kan na ɗaya da na uku da na biyar. A 6/8 kan na ɗaya da na huɗu kaɗai, wato bugu biyu ne, kowanne nuwar mai ɗigo. Ka ƙirga shidan da baki, ka tafa a ɗaya da huɗu, za ka ji ƙafarka ta gane kiɗan nan take. Mardum, kiɗan rawar Larabawan Baggara, da ake takawa a Kordofan da Darfur, haka ake rubuta shi. Mai kalangun naka ma na ji wani lokaci yana ɗora ukun a kan biyun, kuma nan ne gwanintarsa take. Don Allah kada ka "gyara" masa wannan.

Shiru kuma, da muke kira sakta, shi ne na fi so ka kula da shi. Kowace alama tana da saktarta mai tsawonta daidai. A layuka biyar da ake rubuta kiɗa a kai, ta rond tana rataye a ƙarƙashin layi na huɗu in ka ƙirgo daga ƙasa, ta bilansh tana zaune a kan na uku. Ta rond ɗin tana da wani aiki na biyu: in mazura gaba ɗaya shiru ce, ita ake sawa ko a 3/4 ko a 6/8, sai ta ɗauki tsawon mazurar, ba bugu huɗu ba.

Abin na damuna ƙwarai in na ji matasanmu na sutudiyo suna cusa sauti a duk gurbin da suka gani. Dubi kiɗan sama'i sakil na Larabawa, mai 10/8, inda dum ke nufin bugu mai kauri, tak kuma mai kaifi: dum a ɗaya, tak a huɗu, dum a shida da bakwai, tak a takwas. Sauran biyar ɗin shiru ne, rabin mazura cur, kuma da shi ake gane kiɗan. A naka akwai saktar kurosh bayan kowane amshi, ka toshe ta da ƙarar ƙarfe. Cire ƙarar.

In ka koma 6/8, duba saurin. Manhajoji da yawa da nuwar suke ƙirga shi, saboda haka in kana son bugu 80 a minti, 120 za ka rubuta. Ka sake turo mini in ji kafin ka kai wa mawaƙin.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da mutanen sutudiyo baki ɗaya.

Wassalam,
Naka, abokinka na Kasala