Wasiƙa zuwa Doha a kan babur ɗin yaronmu

Riyad, Saudiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Sanyi ya fara shigowa, aiki kuma ya buɗe, don da zarar zafi ya sauka mutanen garin nan suke kwasar iyali su nufi rairayin Sumama da ke arewa da birni, baburan nan masu ƙafa huɗu da suke ce wa dabbab kuwa ba sa hutawa sai an kawo su gareji.

Na saurari saƙonka na murya har ƙarshe, na ga maganar ta fi ƙarfin amsar waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Ka ce Yamaha Raptor 90 ɗin da ka saya wa ɗan namu yana tafiya lafiya a kan ƙasa mai tauri, amma da kun je Sealine, rairayin bakin teku da ke kudu da Doha, ya tunkari tudu, sai ya kai rabi ya mutu murus, tayoyin baya su haƙa rami su zauna. Ka ce an ba ka shawara iri uku: a canza salansa, a cire abin da ke taƙaita gudu, ko ka sayar ka sayo babba. Ina roƙonka don zumuncin da ke tsakaninmu kada ka yi gaggawar ɗaukar ko ɗaya. Abin da babur ɗin nan yake nema shi ne ƙarfin ja da kama ƙasa. Duk shawarwarin da aka ba ka kuwa gudu suke ƙarawa, kuma yaro ɗan shekara 11 ba gudu ne ya yi masa ƙaranci ba.

Fara da iskar taya, tun kafin ka kashe ko riyal ɗaya. Ina kyautata zaton a gidan mai ake sa muku iska, da gejin mota. Tayar mota tana shan 30 zuwa 35 a awon iska na psi, ita kuwa tayar irin wannan babur tsakanin 3 da 4 take so, kuma gejin mota ba ya ma motsi a wannan ƙaramin awo. Sau da yawa ana kawo mini babur da iska ta haura 10 a ciki, taya ta kumbura ta yi tauri, bakinta kaɗai ke taɓa ƙasa, dole ta nutse. Nemi ƙaramin geji na musamman, wanda galibi yake zuwa cikin jakar kayan aikin babur ɗin, ka duba abin da kamfani ya rubuta a jikin takardar da ke manne da shi. A cikin rairayi mai laushi ka sauko ƙasa da wannan kaɗan, wajen 3 ko ƙasa da haka da ɗan kaɗan, don taya ta baje ta zauna a kan yashi. Kada ka wuce nan. In iska ta yi ƙasa ainun, bakin taya yana iya zamewa daga wili a kwana, babur ya kife. Ka tabbata hagu da dama daidai suke, don gatarin baya ɗaya ne, in ɗaya ta fi ɗaya kumburi babur zai riƙa janye yaro gefe. Da kun fito kan hanya mai tauri kuma a mayar da iskar yadda take.

Daga nan sai haƙoran sarƙa, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimce ni sosai. Yashi yana riƙe taya, inji ya kasa ɗaga murya ya kai inda ƙarfinsa yake, kamar ɗan acaɓan da ya ɗora buhu biyu ya ce zai tashi da giya ta uku. Maganinsa a sauke giya, kuma a wannan babur hanyar sauke ta ita ce sufuroket, wato faifan haƙoran da sarƙa ke hawa. In ka rage haƙori ɗaya a ƙaramin na gaba, ya yi daidai da ka ƙara wajen uku a babban na baya. A ce na gaban naka 14 ne ka koma 13: ƙarfin da ke isa taya zai ƙaru da fiye da kashi 7 cikin ɗari, gudu kuma ya ragu da kusan haka. Ka ga riba biyu ke nan, tudu ya hawu, gudu ya sauka. Ni na fi son canza na gaba, ya fi araha, kuma sarƙar da ke kai za ta isa, sai dai a ja ta. Babban na baya yana matsowa kusa da ƙasa, ya riƙa sharar yashi, wani lokaci ma sai an ƙara tsawon sarƙa. Amma haƙori ɗaya kawai za ka rage. In ya cika ƙanƙanta, sarƙa tana lanƙwasa da yawa ta ci kanta.

Bayan ka yi wannan, ba kafin ba, sai mu zo kan sukurun totur. Akwai shi a jikin maƙunshin totur ɗin da yaro ke dannawa da babban yatsa, da noti da ke ɗaure shi, shi ne ke hana a buɗe wuta gaba ɗaya. Wanda ya ce maka yana rage ƙarfi bai yi ƙarya ba. Kuskuren shi ne a warware shi duka rana ɗaya. A ƙa'idar da kamfanonin nan ke bi a Amurka, babur ɗin 'yan shekara 10 zuwa sama yana fitowa ne a taƙaice a kan kilomita 24 a awa, in an sake shi gaba ɗaya kuwa yana iya kusantar 48. Ninki biyu ke nan, a hannun yaron da bai saba ba. Ka warware shi kaɗan, ka ɗaure notin, ka tsaya ka kalli tuƙinsa yini guda. In ka ga yana sakin wuta inda ya kamata, yana taka birki kafin kwana, yana jin kiranka, sai ka ƙara kaɗan wani makon. Tunda ka riga ka sauke giya, abin da ka buɗe zai tafi ne ga hawan tudu fiye da gudu.

Irin naka ba ya da giyar ƙafa, bel ne ke sarrafa shi. Ka sa makaniki ya buɗe murfin gefe ya duba. Bel in ya tsufa yana sirancewa ya riƙa santsi, za ka ji inji na ihu babur ba ya gaba, ga ƙaurin roba. A ciki akwai wasu 'yan dunƙulallun ƙarafa masu rufin roba da ke tura bel sama in inji ya ɗau wuta. In sun cinye sun yi gefe-gefe a canza su, kuma in aka sa waɗanda suka fi na asali rashin nauyi da kamar giram ɗaya, inji zai daɗe a ƙaramar giya kafin ya wuce, abin da tudu ke so ke nan. A hure ƙurar da ta taru a ciki, kada a bar maiƙo ya taɓa bel.

Tayoyin nan masu fiffike da ka gani a shago suna aiki, ban musa ba, amma an fi ɓata kuɗi a kansu fiye da komai. Kowane fiffike yashi yake ɗiba ya watsa baya, ɗibar nan kuwa ƙarfi take ci. Inji mai cc 90 ba zai iya juya taya mai manyan fikafikai takwas ko goma ba, sai ya shaƙe tun daga tashi. In har za ka saya, nemi marar nauyi, mai gajerun fikafikai da ba su wuce shida ba, ta wili inci 8, kuma tsayinta kada ya ɗara na wadda ke kai, don taya mai tsayi tana mayar da giya sama, ta rushe aikin da ka yi a sufuroket. Ka sani kuma ba ta da amfani a kan ƙasa mai tauri, tsalle take yi, fikafikan su gutsure. Ni dai da zan ba ka shawara, ka jinkirta ta sai ka ga abin da iska da giya suka yi.

Salansa kuwa bar ta yadda take. A ƙaramin inji irin wannan ƙara take ƙarawa fiye da ƙarfi, kuma da an buɗe ta dole a koma kan kafireto a ƙara mai, in ba haka ba inji ya riƙa shan iska fiye da mai, ya yi zafi ya ƙone fistin. Inji ne da iska kaɗai ke sanyaya shi, a cikin yashi kuma yana aiki tuƙuru alhali tafiyar ba ta da saurin da iska za ta buge shi. Ko awon da nake yi a nan ba zai yi maka daidai ba, don Riyad tana bisa tudu, wajen mita 600 sama da teku, ku kuwa a bakin ruwa kuke inda iska ta fi kauri, inji ya fi neman mai. Ka riƙa kwance fulogi kana duba bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya, fari fat alamar ƙarancin mai ne, baƙi mai toka kuma mai ya yi yawa ko soson iska ya toshe.

Soson iskar nan ma, Allah ya sani, shi ne ran injin a sahara. Kada ka yarda wani ya cire murfin akwatinsa ko ya huda shi wai don inji ya numfasa. Bayan kowace fita a wanke soson, ya bushe sarai, a shafa masa mansa na musamman a matse, a zagaya bakinsa da giris inda yake zama don kada ƙura ta bi ta gefe. Sayi biyu, ɗaya na kai ɗaya na jira. Rairayin da ya wuce soso ringi yake ci, kuma injin da ringinsa ya ci ba abin da za ka ɗaura masa ya hau tudu. Sarƙa kuma kada a yi mata wanka da baƙin mai ko giris mai danƙo, yashi yana mannewa ya cinye ta tare da haƙora. Man feshi mai bushewa ya fi. Ga shi wajen naku akwai gishiri, daga Mesaieed har Khor al-Udaid ƙasar da ɗanshin teku take, saboda haka a ɗauraye babur da ruwan daɗi in an dawo. Baƙin mai a riƙa juye shi kafin lokacin da littafi ya faɗa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato maganar sayo babba. Wallahi kada ka yi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma cewa take kada yaron da bai kai 16 ba ya hau irin waɗannan babura ko kaɗan. Tunda ka riga ka saya, mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kanka shi ne ka bar shi a kan wanda aka ƙera don shekarunsa. Wannan ɗin ma ya haura kilo 120, ya ninka nauyin yaron wajen sau uku. Babur mai ƙafa huɗu da jiki ake tuƙa shi, mai tuƙi ya kwanta gefen tudu, ya matsa gaba a hawa, ya ja baya a gangara. Yaron da nauyinsa bai isa ya rinjayi babur ba, babur ne zai rinjaye shi, in ya kife kuma a kansa yake sauka. Na ga babura da aka kawo mini da kan sitiyari a lanƙwashe, ban ji daɗin labarin da ya biyo su ba.

Rabin kafewar da yake yi ma ta tuƙi ce, kuma kai ne malaminsa. Tudun rairayi fuska biyu gare shi. Wadda iska ke bugawa tana da sauƙin hawa, yashinta a danne yake. Ta bayan kuwa tsaye take, gangararta ta kai wajen digiri 33, yashin a sake yake kamar an zuba shi yanzu. A Katar iskar shamal daga arewa maso yamma take busowa, don haka fuskar mai haɗari galibi kudu maso gabas take kallo. Ka zaga da shi a ƙafa ya taka duka biyun ya ji bambancinsu. Ku fita da sassafe, lokacin da raɓa ta kama yashi ya yi ƙarfi, da rana ta take kuwa ya saki, ido ma ba ya rarrabe rami da tudu. Koya masa ya ɗauko wuta tun daga ƙasa ya riƙe ta daidai, ba ya danna ya saki ba. In ya ga ba zai kai ba, ya yi kwana mai faɗi ya gangaro tun da sauran tafiya a jikin babur, jikinsa na kwance ta gefen sama. In ta mutu masa a tsakiya, ya kama birki, ya sauka ta gefen sama, ya jira ka. Kuma kada ya taɓa haure ƙoƙon tudu da gudu, don bai san abin da ke bayansa ba, ko rami ne ko mota.

Motar nan ita ce ta sa nake cewa ka ɗaura masa doguwar sanda mai jar tuta a baya. A tuddan Glamis na Kalifoniya doka ce tutar ta kai ƙafa 8 daga ƙasa, wajen mita biyu da rabi, kuma na ga hikimar abin: mai Land Cruiser da ke tahowa ta ɗaya gefen ba zai ga ɗan ƙaramin babur ba, amma zai ga tuta. Ranar Juma'a da yamma wajen naku cika yake yi da motoci, ku nemi gefe mai ƙananan tuddai nesa da su. Hular kwano daidai kansa, ba taka ba, da tabarau mai rufe ido, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Kada ya goya ƙaninsa ko sau ɗaya, kujerar ta mutum ɗaya ce.

Ka ɗauko mini hoton lambobin da ke jikin tayoyin gaba da baya, ka ƙirga haƙoran sufuroket duka biyun, ka gaya mini shekarar da aka ƙera babur ɗin da nauyin yaron. Da na gani zan faɗa maka wanda za ka nema, in babu a Doha in saya a nan in ba mai zuwa ya kawo maka.

Ka gaishe mini da uwargida da kyau, ka shafa mini kan yaran. Ka ce wa ɗan namu baffansa na Riyad yana gaishe shi, kuma ya riƙa wanke soson iskar da hannunsa. Mai ɗakina ma tana gaishe ku. Allah ya tsare mana su, ya raya su cikin albarka, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.