Wasiƙa ga Iyaye da Masu Riƙo: Batun Yammacin Alhamis

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, muna gaisuwa, da fatan an shiga zangon nan lafiya, ya kuma sanyi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne darasin aikin hannu na ranar Alhamis, kuma wasunku sun riga sun san da su nake.

Da an idar da sallar azahar sai a fara aiko 'yan aike da masu Keke Napep bakin ƙofa, wai a sallami wance, ai sauran lokacin wasa ne. Wata uwa ma ta ce mini ita boko ta kawo 'yarta, ba koyon sabulu ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Mun zaɓi Alhamis ne da gangan, saboda yawancin Islamiyyu suna hutu ranar, don kada wani karatu ya ci wani.

Da kun leƙo ɗakin gwaji makon jiya, da kun ga abin da nake nufi. Malamar kimiyya ta sa 'yan aji huɗu suka jiƙa zoɓo, suka raba ruwan a kofuna. Aka matsa lemun tsami a ɗaya, ja ya ƙara haske. Aka ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, nan take ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta miƙe ta ce, "Malama, ashe shi ya sa Inna ke sa kanwa a miyar yakuwa, don ta kashe tsami!" Wannan shi ne darasin da suka yi wata guda suna hadda ba su gane ba, kuma irinsa ne WAEC da NECO ke sa ɗalibi ya yi da hannunsa a jarabawar gwaji. Wadda ba ta taɓa riƙe kwalbar awo ba, ranar hannunta rawa zai yi. Malama da kuɗin aljihunta ta sayo zoɓon a kasuwar Sabon Gari, ba ta gaya wa kowa ba. Allah Ya saka mata da alheri.

Sabulun ma kimiyya ce: soda ce ke haɗuwa da man ƙwaƙwar manja su zama wani abu dabam. Yaran sun koyi cewa soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma ba mai taɓawa sai da safar hannu. Wanda suka zuba a mazubi sai ya yi kamar mako huɗu yana shan iska, don haka kada a matsa musu su kawo gida tukuna.

Balle mu Zazzagawa, ina muka samo raina aikin hannu? Masallacin Juma'a na birni, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da laka da azara a zamanin Sarki Abdulkarim, har yau masana gini suna zuwa kallo. Iyayenmu mata a cikin birni, da allura da zare suke fitar da aska takwas a wuyan babbar riga, su aurar da 'ya'ya da kuɗin. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka kafa a 1962, tana ba da digiri a zane da tsara masaƙa, ga cibiyar binciken fata nan kusa da ita. Malamar ɗinki tana sa yara su auna zanen hula da magwaji kafin su soka allura, lissafi ne tsantsa.

Saboda haka daga wannan makon, ba za a sallami kowace ɗaliba ranar Alhamis ba sai ƙarfe huɗu, in ba uba ko uwa ne suka zo da kansu da uzuri ba. Na gaya wa Baba maigadi, kada a ga laifinsa. A kuma taimaka da ƙyallayen atamfa, gwangwanaye da kwalaben da aka gama da su. Kada a sayi sabo.

Rigar sanyi ta zama mai launin kayan makaranta. Masu ragowar kuɗin zango su ga akawu. Taron iyaye da malamai na nan Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safe, kuma yara za su baje abin da suka yi a farfajiya. Iyaye maza, wancan karon kujerunku wayam suke.

Wassalam,
Shugabar Makaranta